Kwana uku ba wanda ya ce mini "lahiya?"

A Tahoua in ka yi shiru na minti goma a cikin mutane, sai wani ya taɓo ka ya ce, "Kai, lahiya?" In ka ce lahiya lau, ba za a yarda ba. Ko dai an ɓata maka rai, ko zazzaɓi ke shirin kwantar da kai, ko bashi ya yi maka katutu, ko kuma wadda ta fi muni, ka soma girman kai tun da ka ga 'yan kuɗi. Ina yaro Inna ta taɓa kai ni wurin wani malami a unguwarmu don kawai na ɗauki ɗabi'ar zuwa bayan rumbu da la'asar in zauna ni kaɗai. Kwana bakwai ina shan rubutu. Ban warke ba, na dai koyi ɓoye cutar.

Shekarata tara ke nan a Albukarki, jihar Niyu Meksiko ta Amurka, ina tuƙa motar kai kaya. A watan Oktoban da ya wuce na ɗauki hutun kwana uku na tafi wani gidan ruhubanawan Kirista da ke cikin wani kwazazzabo, inda ba waya, ba talabijin, ba hira. Na san akwai waɗanda gabansu ya riga ya faɗi da jin haka. Ku kwantar da hankalinku. Da sallata na je, da ita na dawo, kuma tun a wasiƙar neman ɗaki na gaya musu ni Musulmi ne. Amsar da suka aiko ba ta wuce layi uku ba: in zo da rigar sanyi, in zo da tocila, in kuma duba sama kafin in shigo hanya, don in an yi ruwa ba ta biyuwa.

Sunan wurin da Hausa shi ne gidan ibadar Almasihu a Hamada. Daga Santa Fe za ka yi arewa, ka wuce ƙauyen Abikiyu a kan babbar hanya mai lamba 84, sannan ka saki kwalta ka kama hanyar ƙasa mai tsawon mil 13, wato kusan kilomita 21. Wanda ya taɓa shiga motar kasuwa zuwa ƙauyukan Keita da damina ya san irinta: laka mai santsi, kwana kan kwana, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami. Kusan awa ɗaya na yi a kanta. A ƙarshenta sai ga duwatsu ja da rawaya sun tashi tsaye kamar katangar birni, kogin Cama yana gudu a ƙasansu, itatuwan bakin ruwa duk ganyensu ya koma ruwan ɗorawa. Su wannan suke ce wa hamada. Ni da na ga Azawak da idona dariya ta kama ni, wace irin hamada ce kogi ke gudu a cikinta rani da damina? Amma fa shirun na hamada ne sosai. Da na kashe mota sai da kunnena ya yi ta ƙara, kamar yana neman abin da aka ƙwace masa.

A 1964 wani limaminsu mai suna Aelred Wall ya zo nan da abokansa biyu daga jihar Niyu Yok suka kafa wurin. Majami'ar kuma wani Ba'amurke ɗan asalin Japan, George Nakashima, ne ya zana ta, da dutse da tubalin laka, da manyan tagogi a sama ta yadda in kana zaune ciki dutsen nan ja kake kallo. Ina shiga ƙamshin ƙasa ya tuna mini masallacin Yaama na wajen Illela, wanda magini Falke Barmou ya soma a 1962 har ya ci lambar yabo ta gine-gine ta Aga Khan a 1986. Mutanen Niyu Meksiko ma da laka suke gini tun kaka da kakanni, kuma kalmar da suke kiran tubalin da ita daga Larabci ta biyo ta Sifaniyanci. Wutar lantarkin gidan ibadar daga hasken rana ake samunta. Ruhubanawan kuwa ba Turawa kaɗai ba ne, akwai 'yan Biyetnam, akwai 'yan Meksiko, akwai baƙar fata 'yan uwanmu na Afirka, duk cikin baƙar riga mai hula a ƙeya.

Tsarin da suke bi tsoho ne ƙwarai. Wanda ya rubuta shi, Benedik, an haife shi a Nursiya ta Italiya wajen shekara ta 480, ya rasu wajen 547, wato shekara ashirin da wani abu kafin haihuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Yana saurayi ya gudu daga birnin Rum ya yi shekara uku a cikin kogo a Subiyako, daga baya ya kafa gidan Monte Kasino. Ƙa'idojinsa babi 73 ne, kuma kalmar farko a cikinsu ita ce "saurara". A babi na 53 ya ce duk baƙon da ya zo a karɓe shi kamar Almasihu ne da kansa ya zo. Da dattijon da ke kula da baƙi ya gaya mini haka, sai na ce masa mu ma muna cewa baƙonka annabinka. Ya yi murmushi, ya ce in sake faɗa a hankali, ya rubuta a bayan wata takarda. Kusan iyakar hirarmu ke nan a kwana uku.

Ranar farko ban ji daɗi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ɗakin ƙarami ne, gado, tebur, kujera, bargon ulu. Hannuna ya yi ta zuwa aljihu da kansa yana lalubar waya, ko da yake na san ba ta da amfani a wurin. Na zauna a bakin kogi in yi tunanin Allah, sai ga lissafin buhun siminti na ginin da nake yi a gida. Na kore shi, sai ga maganar da ƙanena ya faɗa mini bara a kan gonar gado, da amsar da ya kamata in ba shi ban ba shi ba. Na tsara amsar, na gyara ta, na ƙara mata gishiri, har na ci shi da hujja sau uku a zuciyata. Ashe hayaniyar da nake zargin kasuwar Lahadi da 'yan kabu-kabu da ita, rabinta a cikin kaina na ɗauko ta na haye teku.

Kafin ƙarfe huɗu na dare aka buga ƙararrawa. Sanyi kamar tsakiyar hunturu a Abalak, taurari sun cika sama har sun yi yawa. Na bi ɗan hasken tocila zuwa majami'a na zauna can baya kusa da ƙofa, ban tashi in sun tashi ba, ban durƙusa in sun durƙusa ba, kuma ba wanda ya waiwayo. Sahu biyu suke yi suna fuskantar juna, wannan sahu ya rera aya ɗaya ta Zabura, wancan ya karɓa da ta gaba. Zabura 150 ce a wurinsu, kuma Benedik ya ce a sauke ta duk mako, a taru sau bakwai da rana, sau ɗaya da dare. Abin da ya kama ni ba muryar ba ce. A tsakiyar kowace aya sukan tsaya gaba ɗaya, kamar na numfashi biyu, ba mai tari, ba mai rigan wani, sannan su ɗora a tare kamar bakin mutum ɗaya. A cikin wannan ɗan tsaikon kana iya jin iska a kan taga. Na tuna kakana na wajen uba da abokansa a zaune kewaye da farin ƙyalle suna wazifa bayan magariba, yadda su ma numfashinsu ke haɗuwa. Na koma ɗaki na jira alfijir, na shimfiɗa dardumata. Alƙibla a nan ba gabas take ba kamar a gida, arewa maso gabas ce. Raka'a biyun nan ban san yaushe rabon da in yi irinsu ba.

Wurin cin abinci ma shiru ne. Mutum ɗaya ke karatu da ƙarfi daga wani littafi, saura suna ci. Wannan bai zame mini baƙo ba, mu ma an doke mu muna yara a kan surutu a bakin akushi. Wake ne da shinkafa da burodi da ɗan ganye, don ƙa'idarsu ta hana naman dabba mai ƙafa huɗu sai ga marar lafiya. Ina cikin ci na ɗaga ido wajen tulun ruwa, ban ma miƙa hannu ba, sai wanda ke kusa da ni ya turo mini shi ba tare da ya dube ni ba. Daga baya na gane hakan ma a rubuce yake, cewa kowa ya lura da bukatar na kusa da shi don kada wani ya buɗe baki ya roƙa. Wato shirun nasu ba na ko-in-kula ba ne. Mutum yana ganinka sarai, ya dai bar ka da ranka.

A nan ne na ga bambancin da ya sa nake wannan rubutu. Shiru ai ba shi na rasa a Amurka ba. Gidan da nake haya, shekara shida ina jin takun maƙwabcina na sama ban san sunansa ba. Ba mai sallama, ba yaron da za a aiko da ƙoƙon fura, in ka mutu a ɗaki sai wari ya sanar. Wannan shirun kaɗaici ne, kuma da shi nake yaƙi kullum, shi ya sa rediyon Hausa ba ya mutuwa a motata, saƙonnin murya na WhatsApp kuma nakan saurari har na mutanen da ban damu da su ba. A Tahoua kuwa mutane ne ko'ina, alhamdu lillahi. Ka yi atishawa mutum biyar su yi maka addu'a. Fada tana ci har ƙarfe biyu na dare, shayi na ɗaya, na biyu, na uku, ana warware siyasar duniya a kan benci. Amma ba inda za ka sa kanka ka ji abin da zuciyarka ke faɗi. A can Albukarki shiru ba mutane, a gida mutane ba shiru. A kwazazzabon nan ne na fara samun biyun a wuri ɗaya, kuma tun ina bayan rumbu abin da nake nema ke nan ban san sunansa ba.

Na san abin da Malam zai ce, kuma yana da gaskiya. Babu ruhubananci a Musulunci, suratul Hadid ta ce su suka ƙirƙiro wa kansu shi. Ba kuma cewa nake wani ya bar aure ya shige dutse ba. Ni kaina a rana ta uku na soma kewar kukan yaro da ƙarar turmi, kuma na dubi samarin cikinsu na ji wani iri a raina, na ce yanzu uwar wannan ta haƙura da jika ke nan. Sannan mu baƙin da muka je, in ka dube mu, duk masu mota ne da hutun aiki. Matar da ke surfe da sassafe a Bilbis ba ta da kwana ukun da za ta ba wa shiru. Duk na yarda.

Sai dai kada ƙin ruhubananci ya zame mana dalilin ƙin shiru, don shirun namu ne tun asali. A kogon Hira wahayi ya fara sauka, ba a tsakiyar kasuwa ba. Annabi Zakariyya alamarsa ita ce kwana uku bai yi wa mutane magana ba. Nana Maryamu da ta dawo da jariri aka umarce ta da ta ce ta yi bakancen kame baki. Hadisin da ya ce mai imani da Allah da ranar lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru, ko ɗan makarantar allo ya haddace shi. Mutanen ɗarika suna da halwa, kuma duwatsun Abzin sun ga masu halwa tun zamanin Sidi Mahmud al-Bagdadi, ƙarni biyar da suka wuce. Ga kuma i'itikafi, wanda duk wanda ya kai Risala a karatu ya san dokokinsa a mazhabarmu ta Malikiyya: da azumi ake yinsa, a masallaci, abin so kwana goma, ba fita sai don bukatar ɗan Adam, ba ciniki, ko gaida marar lafiya da bin gawa an ɗauke wa mutum. A al'ummar da rashin zuwa jana'iza ke iya raba zumunci, a ce an yafe maka ita don ka kaɗaita da Ubangijinka, ai ba ƙaramin daraja aka ba abin ba.

To, azumin da na yi a gida shekara biyu da suka wuce na shiga i'itikafi a wani masallaci da ba zan faɗi sunansa ba, don laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mun kai mu talatin. Abu na farko da aka yi rigima a kansa shi ne wurin cajin waya. An jawo wata doguwar igiyar wuta, wayoyi sun kwanta a kanta kamar 'yan awaki a nono. Bayan tarawihi wasu samari suka ɗauki hoto da Alƙur'ani a buɗe suka sa a Facebook. Can tsakar dare gardama ta tashi a kan ƙablu da sadlu, ta koma kan wane malami ya fi wane, har aka tashi mai barci ya raba. A waje lasifikoki uku na masallatai uku suna tahajjud lokaci ɗaya, kowane liman da surarsa, in ka kasa kunne ba ka fita da aya ɗaya cikakkiya. Ni ma ban tsira ba, a dare na huɗu na kama kaina ina yi wa magini lissafin kwano a waya. Mutum ɗaya ne a cikinmu ya yi abin da ya kawo shi, wani tsoho da ya ja lungu ya lulluɓe kansa da mayafi, ba ka jin komai sai ƙwas-ƙwas ɗin carbinsa. Ka san abin da aka ce da shi? Wai ba ya son mutane.

Ina ganin dalilin da ya sa ba mu taɓa gina wa shiru ɗaki ba shi ne, a da kyauta yake. Kawuna, yayan Inna, makiyayi ne, yakan bi dabbobi har Ingal lokacin da ake kai su lasar gishiri a ƙarshen damina. Mako guda yakan yi bai yi magana da kowa ba sai raƙuminsa. Manomi yana da gonarsa, mai ice yana da dajinsa. In gari ya ishe ka, ka yi tafiyar rabin awa ka fita daga cikinsa. Mutanen da suka tashi a haka in sun dawo gida hira suke ƙishirwa, shi ya sa al'adarmu ta iya tarbar mutum da magana, ba ta koyi tarbarsa da shiru ba. Yanzu gari ya faɗaɗa, babura da injinan wuta sun cika shi, waya ta bi manomi har kunyar gero. Dajin kuma an rufe mana shi. Tun ranar 21 ga Maris 2021, da aka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tillia, wa zai ce wa iyalinsa zai tafi arewa shi kaɗai ya yi tunani? Ni da aka haifa a bakin Sahara, sai da na zo wata nahiya na biya kuɗin mai kafin in zauna a hamada hankali kwance. Wannan ya fi komai yi mini ciwo a tafiyar.

Ba kuma abin Turawa ba ne kawai. A Senegal, ba nisa da Dakar, akwai gidan Keur Moussa na mabiya Benedik tun 1963, inda ake rera Zabura da kiɗan kora, wani abin kiɗa mai tsirkiya, akwai wani a Koubri kusa da Wagadugu. Talakawan ƙasashe ne kamar tamu.

Abin da na ga ruhubanawan nan sun fi mu da shi ba tsoron Allah ba ne, wannan Allah kaɗai ya san na kowa. Tsari ne. Shirunsu yana da lokaci, yana da wuri, yana da mai tsaronsa. Bayan addu'ar ƙarshe ta dare ba mai sake buɗe baki sai gari ya waye, babba da yaro, ba don yau an ji shauƙi ba, haka jiya, haka gobe, shekara dubu da ɗari biyar. Mu kuwa mun bar wa kowa ya nemi nasa, sannan in ya nema mu bi shi da "lahiya?" Me zai hana kwamitin masallaci ya ajiye kwando a bakin ƙofa ranar 20 ga azumi, duk mai shiga i'itikafi ya jefa wayarsa, a bar lambar ladan ga iyalai saboda larura? Me zai hana a juyar da lasifika cikin masallaci in dare ya raba, ko don marasa lafiya da masu jego? Ba kuɗi ake bukata ba. Liman ɗaya ake bukata wanda zai jure a ce masa ya kawo sabon abu.

Kuma mun iya shiru in mun ga dama. Ni ɗan fari ne, shekarata arba'in da biyu, ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ko sau ɗaya. Ba wanda ya rubuta mata wannan doka, ba ƙararrawar da ke tuna mata, kuma ba wanda ya taɓa cewa don ba ta so na ne.

Ranar Lahadi da hantsi na kama hanyar fita. Ina hawa kwalta, ban yi nisa ba wayar ta farka a kan kujera, ta yi ta rawa kamar an zuba mata ruwan zafi. Saƙo arba'in da bakwai. Magini, ƙanena, 'yan fadarmu da hoton wani ɗaurin aure, sai na Inna guda shida, wanda jikarta ke danna mata. Na tsaya a gefen hanya na kira. A gida an idar da magariba.

"Kai wannan, lahiya? Kwana ukku wayarka ba ta shiga. Har na sa an yi sadaka."

"Lahiya lau, Inna. Wani wuri na tai cikin duwatsu, in ɗan yi shiru."

"Shiru? Wa ya ɓata ma rai?"

"Ba kowa, Inna."

Ta ɗan dakata. Ina jin akuya tana kuka a bayanta, da rediyon maƙwabta, da wata yarinya tana tallan ƙosai a ƙofar gida.

"To," ta ce. "Can ɗin sun dai ba ka abinci?"